Tabarmar Uzuri

A babi na 5 na Bisharar Yohanna akwai labarin wani mutum da ya yi shekara 38 yana fama da ciwo, yana kwance a bakin tafkin Baitasda a Urushalima. Da Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, bai ce i ba, bai kuma ce a'a ba. Sai ya shiga bayani cewa ba shi da mai sa shi a ruwan sa'ad da aka motsa shi, kafin ya kai kuma wani ya riga shi.

Mu lura, mutumin nan bai yi ƙarya ba. Hakika ba shi da kowa. Amma ba abin da aka tambaye shi ke nan ba. A nan haɗarin uzuri yake: sau da yawa akwai gaskiya a cikinsa, shi ya sa mukan shimfiɗa shi kamar tabarma, mu kwanta a kai hankali kwance.

To, me ya raba dalili da uzuri? Mai dalili yana baƙin ciki da abin da ya tsare shi, yana kuma neman mafita. Tsohuwar da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa Misa takan aika a kira Fada ya kawo mata Yukaris har gida. Mai uzuri kuwa, a can cikin zuciyarsa yana jin daɗin abin da ya tsare shi. In ka kawar masa da wannan, sai ya samo wani. Da damina gona ce, da rani kasuwa ce. Wani ya ce ba zai gafarta wa ɗan'uwansa ba sai shi ya fara zuwa, ga shi gabar ta kai shekara goma. Wata ta ce kunya ce ta hana ta furta zunubi domin Fada ya san ta, alhali tana da 'yancin zuwa wurin wani Fada, kuma kowane Fada an ɗaure bakinsa har mutuwa. Tun shekarar 1215 Ikkilisiya ta umarci 'ya'yanta su furta zunubansu aƙalla sau ɗaya a shekara, gama ta san halinmu na cewa sai gobe.

Waliyyi Agustin ya san wannan ciwo. Shi da kansa ya ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa ya roƙi Allah ya tsarkake shi, amma kada ya yi hanzari. Ya riga ya gane gaskiya. Sabo ne ya riƙe shi. Sai a shekarar 386 ya daina jinkiri, aka yi masa baftisma a Milan a 387. Daga baya ya zama Bishop.

Yesu bai yi gardama da marar lafiyan nan ba, bai kuma nemo masa mai kai shi ruwa ba. Ya umarce shi ya tashi, ya ɗauki shimfiɗarsa, ya yi tafiya. Ikon na Ubangiji ne, amma tashin na mutumin ne. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Saboda haka a wannan mako, kowa ya kama uzurinsa guda ɗaya, ya tambayi kansa a gaban Allah: da za a ɗauke mini shi yau, zan yi murna ko zan ji tsoro? In tsoro ne, to, lokacin naɗe tabarma ya yi.

Ubangiji ya ba mu alherin tashi. Amin.