Waƙa Ta Kowa Ce, Zane Kuwa Na Mai Kuɗi: Ina Amanar Take?

A ƙarshen shekarun 1970, a Amurka da Ingila, an samu wasu matasan makaɗa da suka juya wa manyan kamfanonin faifai baya. Kiɗansu na rok ne, mai amon jita da dukan ganga da ƙarfi, irin wanda manyan gidajen rediyo ba sa sawa. Su suke buga faifansu, su kai shi ƙananan shaguna, su yi wasa a garejin mota ko a ɗan ƙuntataccen gidan rawa. Wannan shi ake kira kiɗan bayan fage. Da yake ba su da kuɗin biyan kamfanin talla, su ne kuma suke zana bangon faifai da takardun sanarwar wasa. Ta haka aka samu mutane masu sana'a biyu a hannu, ga kiɗa ga zane.

Yau, bayan shekara 40 da ɗoriya, zanen wasu daga cikinsu yana rataye a gidajen attajirai, ana cinikinsa da miliyoyin dalar Amurka. Abin tambaya a nan shi ne: mutumin da matasa marasa galihu suka ɗaukaka saboda ya ƙi rusuna wa manya, idan daga baya manyan ne suke sayen aikinsa, ya ci amana ne, ko kuwa guminsa ya ci?

Mu fara da Raymond Pettibon. Yayansa, Greg Ginn, shi ya kafa ƙungiyar Black Flag a jihar Kalifoniya a 1976. Pettibon ya ɗan kaɗa jita da su a farkon tafiya, sannan ya koma gefe da alƙalami da tawada. Shi ya raɗa wa ƙungiyar suna, wato baƙar tuta, shi kuma ya zana tambarinta, wasu baƙaƙen sanduna huɗu a jere kamar tuta tana kaɗawa. Zanensa na sanarwar wasa, wanda sau da yawa yake yi wa 'yan sanda da manyan gari shaguɓe, fotokwafinsa ake yi a manna a jikin falwaya da bangon titi. Duk yaron da ya so yana iya ɓanɓarowa ya kai ɗakinsa. Wannan mutumin dai a 2017 wani babban gidan adana fasaha a birnin Niyok ya baje zane-zanensa sama da 700, kuma akwai ayyukansa da suka haura dala miliyan 1 a gwanjo. Yaron da ya ɓanɓari takarda a falwaya, ko da ya girma ya samu aiki, ba zai iya sayen ko guda ɗaya ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san daga ina maganar amana ta taso. A ƙasar Hausa babu wanda ya taɓa kiran Narambaɗa maci amana don ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Makaɗin fada ne, kowa ya san ubangidansa, bai kuma taɓa yi wa kowa alƙawarin wani abu daban ba. Amma a ce Ɗan Maraya Jos, wanda ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa, ya wayi gari ya ce daga yau muryarsa sai a falon attajirai za a ji ta, lalle da jama'a sun ji ciwo. Ke nan amana tana biyo bayan alƙawari ne. Su makaɗan bayan fage sun yi alƙawari, wasu da baki, wasu da yadda suka tafiyar da sana'arsu. Sun nuna wa masu sauraronsu cewa mu da ku ɗaya ne, abin da muke yi naku ne. A kan wannan ne matasa suka ba su ɗan abin da ke aljihunsu, suka kwanar da su a ɗakunansu lokacin yawon wasa, wasu har suka yi zanen tambarin Black Flag a fatar jikinsu. Wanda aka yi wa alƙawari yana da haƙƙin ya tambaya.

Sai dai akwai bambanci tsakanin waƙa da zane da masu zargi kan manta da shi. Mu da muke aikin rediyo mun san shi sarai. Idan aka sa waƙa, mai shayi a bakin tasha da ƙaramar rediyonsa yana jin abin da minista yake ji a motarsa, babu wanda ya fi wani samu. Waƙa ana kwafarta, daga faifai zuwa kaset, daga waya zuwa waya, kuma ba ta raguwa. Saboda haka kyauta da waƙa ba ta da wahala ƙwarai, don mai bayarwa bai rasa ta ba. Zanen hannu kuwa guda ɗaya ne tak. Idan mutum dubu suna sonsa, ɗaya ne zai samu, kuma a kasuwa wanda ya fi kuɗi shi ne ɗayan. Mai zane zai iya sayarwa da araha, amma ba shi da ikon hana wanda ya saya ya kai gwanjo gobe.

Labarin Jean-Michel Basquiat ya nuna wannan a fili. Baƙar fata ne ɗan Niyok, mahaifinsa mutumin Haiti. Ya fara da rubutu a bangon titi da sayar da ƙananan katuna, kuma a 1979 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Gray, suna wasa a ƙananan gidajen rawa na birnin. Ya rasu a 1988 yana ɗan shekara 27. Wani zanensa na 1982, hoton kai mai kama da ƙoƙon kan mutum, an sayar da shi dala 19,000 a 1984. A watan Mayun 2017 aka sake kai shi gwanjo, ya tashi a dala miliyan 110.5. Mai zanen ya shekara kusan 29 a kabari, ko sisi bai gani ba. Da ma yana raye, babu tabbas zai samu komai, domin Faransa tun 1920 take da dokar da ke ba mai zane wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa, amma Amurka ba ta da irin wannan doka ta ƙasa baki ɗaya. Manyan alƙaluman da muke ji a labarai, yawanci kuɗi ne da ke tashi daga aljihun wani attajiri zuwa na wani attajirin. Abin mamaki ma, wanda ya sayi zanen, Yusaku Maezawa na Japan, shi kansa tsohon makaɗin ganga ne a wata ƙungiyar bayan fage, kuma da sayar da faifai ya fara kasuwanci.

Akwai kuma wani tunani da ke ɓoye a cikin zargin, wanda ya kamata a fito da shi a duba. Shi ne ganin cewa talauci tsarki ne, muddin mai fasaha yana cikin wahala to mai gaskiya ne. Tarihin waɗannan mutane bai goyi bayan haka ba. Don Van Vliet, wanda aka fi sani da Captain Beefheart, ya fitar da faifan Trout Mask Replica a 1969, faifan da masana kiɗa suke girmamawa har yau amma bai kawo kuɗin kirki ba. Makaɗansa daga baya sun ba da labarin watannin da suka yi a gida ɗaya suna atisaye cikin yunwa da tsangwama daga shi jagoran nasu. Rashin kuɗi bai sa gidan ya zama na adalci ba. A 1982 ya fitar da faifansa na ƙarshe, ya ajiye waƙa ya rungumi zane, kuma a nan ne ya samu rufin asirin da kiɗa bai ba shi ba, har ya rasu a 2010. Shi ma Pettibon, a zamanin da ake yi wa kirari da zamanin gaskiya, a 1985, an yanyanka wani zanensa aka yi amfani da shi a faifan ƙungiyar ba da izininsa ba, abin da ya ɓata tsakaninsa da su. Duniyar bayan fage tana da nata cin zalin, sai dai kuɗin da ake ci kaɗan ne shi ya sa ba a jin ƙararsa.

Mai sauraro da ke zaune a inuwa yana cewa gwaninsa ya dawwama a rana, ya kamata ya tambayi kansa wa zai biya wa gwanin kuɗin asibiti idan ya tsufa. Sau da yawa wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa an sayar da kai, shi ne wanda ko faifai ɗaya bai taɓa saya da kuɗinsa ba.

To duk da haka, kada kare su ya rufe mana ido, domin akwai abin da ake rasawa da gaske. Zanen da ke yi wa ɗan sanda shaguɓe, idan yana jikin falwaya a titin da ɗan sandan yake sintiri, magana ce mai haɗari, wanda ya manna shi ma yana iya kwana a ofishinsu. Zanen nan dai idan aka sa shi cikin gilashi aka rataye a falon mai banki, ya zama ado. Ba a goge ko layi ɗaya ba, amma dafinsa ya tafi, kamar macijin da mai wasa ya cire wa haƙori yana yawo da shi kasuwa. Mai kuɗi yana iya sayen zagin da aka yi masa ya rataye, baƙi su zo su yaba masa da sanin fasaha. Akwai kuma sharaɗin da kasuwar zane kan gindaya. An nuna wa Van Vliet cewa muddin yana waƙa, kallon mawaƙi mai taɓa zane za a riƙa yi masa. Wato kafin a buɗe masa ƙofar falo sai da ya rufe ƙofar da jama'a suke shigowa wurinsa. Masu sauraronsa sun yi rashi, ko da kuwa shi yana da hujjarsa.

Wasu sun nemi hanyar da za su tsare alƙawarin tun daga tushe. Ƙungiyar Crass ta Ingila, wadda aka kafa a 1977, tana buga farashi a jikin bangon faifanta tare da gargaɗin kada mai saye ya biya fiye da haka, don kada mai shago ya tsawwala. Mai yi musu zane, Gee Vaucher, 'yar ƙungiyar ce, kuma takan tsara bangon yadda idan an warware shi zai zama babban hoto na mannawa a ɗaki. Wanda ya sayi faifai ya sayi zane ke nan, a kuɗi ɗaya. Ta ɗauki kwafin a matsayin shi ne ainihin aikin. Shi ya sa zanenta na mutum-mutumin 'yanci na Niyok ya rufe fuska da hannuwa, wanda ta yi a 1989 don bangon wani faifai, ya sake tashi a watan Nuwamban 2016, lokacin da jaridar Daily Mirror ta buga shi a shafinta na farko bayan Donald Trump ya ci zaɓe, ya kuma bazu a intanet. Ya yi wa miliyoyin mutane magana ba tare da sun biya kuɗin shiga ko'ina ba.

A nan nake ganin amsar take. Karɓar kuɗin mai kuɗi shi kaɗai bai isa ya zama cin amana ba, domin alƙawarin da aka yi tun farko bai ƙunshi mutuwa da yunwa ba. Abu biyu aka yi alƙawari: za mu faɗi abin da muka gani ba tsoro, kuma za mu faɗe shi a inda za ku ji. Da waɗannan biyun za a auna mutum. Na farko, harshensa ya canza bayan ya samu? Pettibon ya ci gaba da caccakar shugabannin Amurka da yaƙin Iraƙi a zanensa, lokacin da manyan dillalai suke sayar da aikinsa, don haka ta wannan fuskar ya tsira. Na biyu, ya bar wa mutanensa na farko hanyar isa gare shi? Littafi mai araha, bangon faifai, hoton mannawa, zane a jikin gini, baje koli da kowa zai iya shiga, duk hanyoyi ne. Wanda ya sayar da asalin zane ga attajiri amma ya bar kwafinsa yana yawo a hannun jama'a, ya ci kasuwa kuma ya riƙe zumunci. Wanda ya tausasa harshe don kada mai saye ya ji haushi, ko ya fara jin kunyar a tuna masa garejin da ya fito, shi ne ya ci amana, ko da kuɗin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba.

Mai saye ma yana da nasa nauyin. Maezawa ya ba da aron zanen Basquiat ga gidan adana fasaha na Brooklyn a farkon 2018, a unguwar da aka haifi mai zanen, jama'a suka je suka gani. Wannan bai mayar da zanen na talakawa ba, amma ya fi a kulle shi a ma'ajiya ana jiran farashi ya ƙara tashi.

Sauran nauyin yana kanmu, mu masu sauraro da kallo. Idan muna son mai fasaha ya ci gaba da zama namu, sai mu ciyar da shi tun yana namu. Wanda muka bari da yunwa shekara 20 muna tafa masa, ranar da wani ya miƙo masa tuwo ba mu da bakin cewa ya duba hannun da ya miƙo.