Hassada Ga Mai Rabo Taki Ce

A bayan Keke Napep, a jikin motocin da ke kwasar buhunan shinkafa daga Auyo zuwa Kano, har a ƙofar shagon tela, za ka gan ta an rangaɗa da fenti: hassada ga mai rabo taki ce. Ta sha yawo har ta sile kamar tsohon kwabo. Da yawan masu rubuta ta ba su taɓa kora jaki da mangalar taki zuwa gona ba. Ni ma na daɗe ina faɗinta da baki kawai, kafin ranar da ta faɗo a kaina.

Shekarun baya na riƙe muƙamin ma'ajin wata 'yar ƙungiyar manoman rani a fadamarmu. Mukan tara kuɗi mu sayi yuriya da kamfa a sari, mu raba. A shekarar da na sayar da riɗina da wani ɗan bijimi na sayi injin ban-ruwa, sai magana ta tashi: wai kuɗin takin jama'a ne ya rikiɗe ya zama inji. Da a ce maƙiya ne suka ɗauko ta, da da sauƙi. Mutanen da muke shan shayi tare bayan isha'i ne, waɗanda muka yi su tare a gulbi muna yara. In na iso majalisa sai hira ta mutu murus, can wani ya yi gyaran murya ya ce, "Ai zancen ƙwallo muke yi."

Na kai kukana wurin baffana, dattijon da ya ƙarar da ƙarfinsa tsakanin kwalekwale da gonar shinkafa. Ya bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa zuba ɗanyen kashin kaji a gindin tattasai?" Na ce, "Baffa, ai ƙonewa zai yi." Ya ce, "To ka ji. Taki sai ya kwana, ya sha ruwa, ya sha rana, ya ruɓe. Ƙyale maganar nan ta ruɓe tukuna."

A nan na fara jin karin maganar da kunnen manomi. Magabata ba su ce hassada zuma ce ba, taki suka ce, kuma taki ƙazanta ne mai wari. Duk wanda ya ce maka an ci namansa a bayan idonsa amma shi ko a jikinsa, fulako yake yi. Da ciwo, musamman in daga bakin aboki ta fito. Abin da karin maganar ta yi alkawari shi ne ƙazantar tana iya zama amfani, in an ba ta lokacinta. Mai ɗaukarta da zafinta, yana bin gida-gida yana rantse-rantse, shi da kansa yake kai ta kunnen waɗanda ba su ji ba. Magana zarar bunu ce, kuma wannan bai tsaya ga magulmaci kaɗai ba, har da mai kare kansa.

Sannan taki ba ya tsirowa. Makiyayi zai iya kwana da shanunsa wata guda a gonarka bayan an cire amfani, su bar maka arzikin taki, amma in damina ta faɗi ba ka jefa iri ba, ciyawa ka yi wa hidima. Rabon da ake faɗa yana iske mutum ne a bakin aikinsa. Na san wanda ya saki kadadarsa tana ƙishirwa, yana zarya daga wannan majalisa zuwa waccan yana neman wanda ya fara faɗa. Bai gano shi ba, shinkafar kuma ba ta jira shi ba.

Mu mutanen ƙasar Haɗeja muna da wani darasi a ƙofar gida. A da, kogi yakan zo da damina ya malale fadama, ya bar laka mai albarka, ya ja da baya, rani ya busar da hanyoyinsa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai zuwan ruwan ya canja. A wasu wurare ya daina tafiya, ya kwanta shekara cur. Inda ya kwanta nan kachalla ta samu gindin zama, ta cinye hanyar ruwa ta Marma, ta mamaye gonaki da wuraren su a Guri da Kirikasamma har zuwa Nguru. Ta toshe wa ruwa hanya, ta kuma zama ɗakin kwanan tsuntsayen jan-baki masu sauka kan shinkafa kamar hadari. Ruwan nan dai shi ne na jiya, zamansa ne ya zama illa. Haka nake ganin zancen mutane a zuciya. In ya zo ya wuce, yakan bar maka ɗan wayo. In ka yi masa shimfiɗa, kana juya shi kullum dare, sai zargi ya tsiro, ka wayi gari ko sallamar mutum ka ji sai ka nemi habaici a cikinta.

Inda na raba gari da masu fenti shi ne yadda suka mai da karin maganar garkuwa. Yau ko gyara kayanka aka ce wa mutum, sai ya ce mahassada sun taso. Ai ruwa ba ya tsami banza. Da zafin ya sauka na zauna da kaina, sai na ga rani biyu ke nan ban karanta wa jama'a lissafi ba. Ban ci ko sisi ba, amma tsagar bangon tawa ce, ƙadangare shigowa kawai ya yi. A taro na gaba na zo da littafi da rasit, na karanta shiga da fita tiryan-tiryan, ban kama sunan kowa ba, na zauna. Ban sake tayar da zancen zargin ba. Tun daga nan kowane ƙarshen rani sai na karanta. In akwai takin da na samu a lamarin, wannan ne.

Akwai kuma wani da yake kawo mini rahoto kullum, "wane ya ce, wane ya ƙara," baffa ya ce in tambaye shi abu ɗaya: shi me ya ce lokacin da ake faɗa a gabansa? Na tambaya. Bai sake kawowa ba.

Malamai kan karanta mana a tafsirin azumi ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, yadda ta shafe kusan wata guda cikin baƙin ciki kafin Suratun Nur ta wanke ta. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Sayyidina Abubakar. Cikin masu yaɗa maganar har da Misɗahu, ɗan'uwansa talaka wanda yake ciyarwa. Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba, aya ta sauka tana kiran sa zuwa ga yafiya, ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Ni ba Abubakar ba ne, kuma ban ce na kai ko ƙurarsa ba. Sai dai garinmu ba inda za ka gudu ka bar mutum. Magudanar ruwanku ɗaya, a jana'iza sahu ɗaya za ku tsaya. Lokacin ambaliyar 2020 da ta 2022, da aka fito cika buhunan yashi ana tare ruwa da tsakar dare, ba wanda ya tsaya tambayar wa ya taɓa cin naman wa kafin ya miƙa masa buhu.

Ranin da ya wuce, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zaƙewa a maganar ya same ni a bakin gona da yamma. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, injin nan naka ko yana hutawa gobe? Albasata ta fara kwanciya." Na dubi injin, na dube shi. Na ce ya turo yaro da sassafe ya ɗauka, amma ya zo da mansa.