ZINARE NAKA, DALMAR TA WA?

Bayan sallar isha'i wani matashi a nan Babban Mutum ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya dawo daga wurin haƙar zinare, ya ce: "Malam, nawa zan fitar na zakka?" Amsar ba wuya. A mazhabar Malikiyya, abin da aka haƙo daga ma'adini in ya kai nisabi, wajen giram 85, ana fitar da ɗaya bisa arba'in nan take, ba a jiran shekara. Ya yi godiya. Amma ni tambayar da ba a yi min ba ita ta hana ni barci.

Ya 'yan'uwa, kun san yadda zinare yake zuwa cikin dutse? Masana ilimin ƙasa sun ce can ƙasa, zurfin kilomita da dama, akwai ruwa mai zafin da ya haura digiri 200 ko 300. Saboda nauyin da ke danne shi ba ya zama tururi, sai ya riƙa narkar da ƙarafa kaɗan-kaɗan daga duwatsu, kamar yadda ruwan zafi ke narkar da kanwa. In ya samu tsaga sai ya haura. Da ya fara hucewa, sai ya sauke kayan da ya ɗauko, su daskare su zama wannan farar jijiyar dutse da mahaƙa ke bi. Na Zamfara an ce ya kai shekara wajen miliyan 600 da yin haka. Tsarki ya tabbata ga Allah!

To ga inda gizo ke saƙar. Ruwan nan ba ya zaɓe. A wasu wuraren ya ajiye zinare da dalma a jijiya guda. Dutsen dalmar ma mun san shi, irinsa ne kwallin da iyayenmu ke dakawa.

A 2010 likitocin MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Me ya faru? Ana kawo dutsen gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Zinaren ya tafi kasuwa, dalmar ta zauna a ɗakin uwa.

Waɗancan iyayen ba su sani ba, kuma ban ga wanda zai ɗora musu laifi ba. Allah ya ji ƙan 'ya'yansu. Amma a 2015 abin ya maimaita a Shikira ta jihar Neja. Shin bayan ilimi ya iso, mutum zai iya cewa ƙaddara ce kawai? Ajali ƙaddara ne, babu ja. Sai dai kai buhun dutse cikin gida zaɓi ne, kuma wanda ya sha ƙurar ba a yi shawara da shi ba, ba shi da kaso a cinikin. Zakka tana tsarkake dukiya, amma ba ta wanke jinin yaro daga guba.

Washegari na aika aka kira matashin. Na tambaye shi ina yake canja kayan aikinsa in ya tashi daga rami, kuma wa yake wanke su. Ya yi shiru, can ya ce ƙanwarsa ce, shekararta 9.