Goyo Ba Ya Hana Ilimi

Ya ku jama'ar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Kakanninmu sun ce gemu ba ya hana ilimi. Idan dattijo mai furfura zai zauna gaban malami ba a kore shi ba, yarinyar da ke ɗauke da juna biyu ko goyo a baya ta fi cancanta a buɗe mata ƙofar aji.

Duk mun san yadda abin ke faruwa. Yarinya tana aji uku na ƙaramar sakandare, sai a kawo kuɗin gaisuwa, a sa rana bayan an yi girbin shinkafa. Wajen neman aure mijin ya ce, "Ai za ta ci gaba da karatunta." Kafin shekara ta zagayo ciki ya shiga, laulayi ya kwantar da ita, daga nan sai wankan jego da kunun kanwa. Ranar da ta yi arba'in, hijabin makaranta yana ninke a ƙasan akwati, littattafanta kuwa ƙanne sun yage sun ƙulla gyaɗa. Ba wanda ya furta cewa an cire ta. Shiru kawai aka yi, shirun ya cinye karatun. Akwai kuma wadda wani azzalumi ya yi wa fyaɗe a hanyar talla, aka ɓoye ta a ɗaki don gudun abin kunya, shi kuwa yana yawonsa a gari. Ita aka zalunta, ita kuma aka hukunta.

Ku sani addininmu bai yarda da wannan ba. Matan sahabbai sun roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware musu rana ta karatu, ya kuma ware musu. Ya kasance yana taƙaita salla idan ya ji kukan jariri, don tausaya wa uwarsa da ke cikin sahu. Ke nan mai goyo tana da wurinta a cikin jama'a, kuma shugaba ne ke sassauta mata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu.

Dokar ƙasa ma tana tare da waɗannan 'yan mata. Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ta tanadi cewa yarinyar da ta samu ciki kafin ta gama makaranta a ba ta dama ta koma bayan ta haihu. Jihar Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta samu dokarta ta kare yara a 2023, sannan a 2024 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Tun 1980, zamanin Abubakar Rimi, Kano ta riga sauran jihohi kafa hukumar yaƙi da jahilci. A Saliyo, sai da kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2019 kafin aka ɗage haramcin da aka sa wa ɗalibai masu ciki. Mu namu shingen ba a takarda yake ba, yana cikin zauruka da bakunan mutane.

Don haka, ya ku magidanta, alkawarin da kuka ɗauka gaban waliyyai bashi ne, kuma Allah zai tambaye ku. Wanda ba ya so likita namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa, ya tuna cewa ungozoma da likita mace daga aji suke fitowa, kuma cikin 'ya'yanmu za su fito.

Iyayenmu mata da surukai, ku ne ginshiƙin wannan al'amari. Yarinyar nan ba ta buƙatar abu mai yawa: kaka ta riƙe jariri daga safe zuwa azahar, ko ta kawo shi inuwar bishiya a bakin makaranta lokacin tara, uwar ta fito ta ba shi nono ta koma aji. Ɗa na kowa ne, riƙonsa na 'yan sa'o'i kuma sadaka ce mai gudana.

Shugabannin makarantu da malamai, kada ku goge sunanta daga rajista don ta yi wata uku ba ta zo ba. Ku aika a tambayi lafiyarta, ku ba ta uzurin ranar awo da ranar rigakafi, ku tsawata wa masu yi mata habaici. Wadda shekaru suka tsere wa, ku nuna mata ajin manya da jarrabawar NECO ta masu zaman kansu.

Limamai, ku kawo maganar nan kan mumbari ranar Juma'a. Hakimai, dagatai da masu unguwanni, daga Tiga zuwa Kwanar Ɗangora, daga Yaryasa zuwa Riruwai, ku ƙirga matan da aure ko haihuwa ya tsayar a garuruwanku, ku kai sunayensu ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku nemi ajin matan aure na yamma a firamaren gari. Ajujuwan suna nan a rufe bayan an tashi yara. Malama da alli kawai suke jira.

Ke kuma 'yata, kada ki ji kunyar goyonki. Ki ɗauko hijabin nan ki wanke shi. Uwar da ta iya karanta katin asibiti da takardar magani ita ce malamar farko ta ɗanta.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin.