Wa Ya Tambayi Jaririyar?

Yawancinmu ba mu san ƙasar Bama ba sai a bakin tsofaffin soja, waɗanda Turawan Ingila suka kwasa daga Arewa suka kai su yaƙi da Japan a yaƙin duniya na biyu. To shekara 130 kafin su, wasu mata da miji 'yan mishan daga Amurka sun sauka a waccan ƙasa, Adoniram Judson da matarsa Ann. Aƙidar da suka je yaɗawa ba tamu ba ce, ba kuma tallarta za mu yi a nan ba. Amma tambayar da ke cikin labarinsu tamu ce, mu da muka ɗauko mata da 'ya'ya daga Kano da Sakkwato da Katsina muka zaunar da su a garin mutane: shin magidanci yana da ikon kai iyalinsa inda ya san akwai cuta da fitina, don abin da shi ya sa a gaba?

An ɗaura musu aure a watan Fabrairu na 1812, sati biyu bayan nan suka hau jirgin ruwa. A Indiya kamfanin Turawan Ingila da ke mulki ya ƙi barinsu su zauna, sai suka ƙarasa Rangun a watan Yuli na 1813. Cikin farko a jirgi Ann ta haife shi ba rai. Ɗa na biyu, Roger, wata takwas kacal ya yi a duniya. Sai da suka shekara shida kafin mutum ɗaya ya shiga addininsu. Ku duba fa, shekara shida, mutum ɗaya. Ɗan kasuwar da ya yi wata shida bai yi ciniki ba ai tuni ya naɗe tabarmarsa.

A 1824 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da sarkin Bama, lokacin sun koma Ava, babban birnin sarki. Duk mai farar fata ya zama abin zargi. A watan Yuni aka zo har gida aka ɗaure Judson a gaban matarsa, aka ce ɗan leƙen asiri ne, aka jefa shi kurkuku da mari uku a ƙafa. Da dare a zura gora a tsakanin ƙafafun fursunoni a ɗaga sama, kafaɗa kawai ke taɓa ƙasa har gari ya waye. Ann tana da ciki a lokacin, haka take yawo gidajen manya tana roƙo, tana ba masu gadi ɗan abin hannu don su bar ta ta shigar da abinci. Fassarar Linjila da mijin ya yi shekaru yana yi, ta ɗinke ta a cikin wani matashin kai mai tauri ta kai masa. A Janairu na 1825 ta haifi 'ya mace, Maria. Da aka kora fursunonin a ƙafa cikin zafin rana zuwa wani ƙauye, Aung Pinle, ta bi su da jaririya a hannu, ta tare a wani ɗan ɗaki da ake zuba hatsi. Can agana ta shiga cikin yaran gidan, ita kanta ciwo ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe.

An saki mijin a ƙarshen 1825 saboda ana bukatar tafinta, aka yi sulhu a Yandabo a Fabrairu na 1826. Ann ba ta ƙara samun lafiya sosai ba. Ta rasu ranar 24 ga Oktoba 1826, tana da shekara 36. Wata shida bayan nan Maria ta bi ta.

Wanda zai kare Judson yana da abin faɗa. Bai yaudari kowa ba. Kafin aure ya rubuta wa mahaifin Ann takarda, ya gaya masa a fili cewa idan ya ba shi 'yarsa, mai yiwuwa ba zai sake ganinta ba a duniya, kuma za ta gamu da talauci da cuta, wataƙila ma kisa. Uban ya bar wa 'yar zaɓi, ta ce ta yarda. Mu nawa ne a cikinmu suka yi wa surukansu irin wannan bayani ranar da za su taho da amarya Kudu? Yawanci abin da ake faɗa shi ne akwai kasuwa, akwai ɗaki, akwai 'yan uwa. Ba a ambaton Shagamu ta 1999, ko Idi-Araba ta 2002, ko Shasha ta 2021, alhali duk wanda ke zaune a nan ya san rigimar da ta faro daga cacar baki a kasuwa tana iya cinye unguwa kafin la'asar. Sannan da Ann ba ta nan, da wuya mijin ya fito da rai. Ita ta ciyar da shi wata goma sha bakwai, ita ta hana a manta da shi a cikin marin. Wanda ya ce mace kaya ce da ake ajiyewa a gida idan tafiya ta yi tsanani, wannan labarin ya ƙaryata shi.

Sai dai yardar Ann ta tsaya a kan Ann. Roger bai yarda da komai ba, Maria ma haka. Nan ne maganar take da nauyi, kuma ba mu ga wanda ya warware ta da sauƙi ba. Za a ce ai yara suna mutuwa ko'ina a wancan zamani, har a Amurkar. Gaskiya ne. Za a ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Wannan mu ma da shi muka yi imani. Amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa uba nauyin zaɓi ba. Ku tuna Sayyidina Umar da ya nufi Sham, ya isa Sarg aka ce masa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, annobar Amwas ta ɗauke shi, kuma ba wanda ya zarge shi, domin wanda annoba ta tarar a gari an hana shi fita. Wanda yake waje kuwa an hana shi shiga. Malamanmu na Malikiyya ma da suka yi maganar miji ya yi tafiya da matarsa, sun sa sharaɗi: hanya ta kasance amintacciya, garin da za a je amintacce, shi ma mijin abin amincewa a kanta.

To mu fa? Idan aka fara raɗe-raɗi a gari, wani ya sa iyali a mota washegari, wani ya ce shi tawakkali ya yi. Ba mu ce duk mai zama ya yi laifi ba. Kuɗin mota zuwa Arewa yanzu ba wasa ba ne, hanyar kanta ba lafiya gare ta ba, yara suna makaranta, wasu yaran ma nan aka haife su, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, ƙauyen da ake ce musu gida baƙi ne a cikinsa. Amma a yi gaskiya, akwai tawakkalin da asalinsa shago ne. Mutum ba ya son barin buhunan goro ko garken da ya sauke a kara, ba ya kuma son ya rasa mai dafa masa tuwo, sai ya lulluɓe abin da sunan dogaro ga Allah. Judson aƙalla abin da ya ɗauka ceton rayuka ne ya tsayar da shi, ko da mu muna ganin ya saɓa hanya. Alamar da za a gane wane iri ne naka ita ce ko ka zauna da uwargida ka gaya mata abin da ka ji a kasuwa ba ragi, ka kuma bar mata ƙofar cewa ita da yara za su tafi.

Inda muke ganin Judson ya fi kuskure ba zuwansa Bama ba ne. Bayan yaƙi ne. Matar da ta tashi daga bakin kabari, da jaririya mai rauni, ya bar su a sabon gari Amherst ya bi tawagar Turawan Ingila zuwa Ava yana yi musu tafinta, da fatan za a sa 'yancin wa'azi a cikin yarjejeniya. Ba a sa ba. Yana can takarda ta iske shi cewa an binne matarsa. Kurkuku dole aka yi masa, wannan tafiyar kuwa da ƙafarsa ya yi ta. Mai aikin addini yana da wannan jarabawar fiye da kowa, ko liman ne ko fasto, domin hidimar jama'a ana gani ana yabawa, jinyar mace a ɗaki kuwa ba mai gani. Bayan rasuwarsu ya shiga wani irin ƙunci har ya haƙa kabari yana zama a bakinsa. Ya dawo ya gama fassarar littafinsu gaba ɗaya a 1834, kuma har yau Kiristocin Bama da ita suke karatu.

Akwai wasu mutane a labarin da ba a cika tsayawa a kansu ba. Lokacin da nonon Ann ya ƙafe a Aung Pinle, mai gadin kurkuku ya riƙa barin Judson ya fito ya ɗauki Maria yana bi gida-gida yana roƙon mata masu goyo su ba ta mama. Matan nan mabiya Buda ne. Ƙasarsu tana yaƙi da fararen fata, mazan ƙasar suna mutuwa a fagen daga, ga mutumin da hukuma ta ce ɗan leƙen asirin abokan gaba ne, wanda kuma ya zo ne ya ce musu addinin iyayensu ba daidai ba ne. Suka karɓi yarinyar suka shayar da ita. A fiƙihunmu na Malikiyya, ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri kafin yaye, mai shayarwar ta zama uwa, 'ya'yanta sun zama 'yan uwansa, kuma ba a tambayar addininta. Da wannan lissafin Maria 'yar Ba'amurke ta mutu tana da iyaye mata da yawa a ƙauyen Bama, da yayye da ƙanne da ba ta san su ba. Akwai kuma wani kuku Bangali da ya ci gaba da yi musu hidima wata da watanni ba albashi. Sunan Judson yana jikin coci-coci da makarantu a Amurka da Bama, matan Aung Pinle kuwa da "matan ƙauye" kawai ake ambatonsu. Tsofaffinmu na Shagamu da Shasha suna da irin waɗannan sunaye a ransu, na masu gidan haya da maƙwabta Yarbawa da suka kulle ƙofa da yaranmu a ciki, suka tsaya a waje suka ce ba kowa a gidan.