HAKKIN MACE A TAKARDA DA HAKKIN MACE A HANNU: LABARIN MATAN ƘASAR FILIFIN

 

Ya ku 'yan'uwa, akwai wata ɗabi'a da muke da ita. Da zarar an ambaci 'yancin mata ko daidaito tsakanin maza da mata, sai ka ga mutum ya ɗaure fuska, ya ce wannan zancen Turawa ne, shi ke nan an rufe magana. To, mu dai tambayarmu guda ɗaya ce. Idan aka rubuta wa mace hakkinta a littafin doka, alhali kuwa ba ta da hanyar da za ta kai gare shi, shin an ba ta ko ba a ba ta ba? Domin mu duba wannan tambaya da sanyin zuciya, za mu ɗauki misalin wata ƙasa mai nisa, inda ba mu da dangi balle mu yi son kai, watau ƙasar Filifin.

Dattawan da suka yi makarantar sakandare a Arewa wajen shekarun 1970 da 1980 za su tuna da malaman Filifin, maza da mata, masu koyar da lissafi da kimiyya. Ƙasarsu tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, mutanenta sun haura miliyan 100. Mafi yawansu Kiristoci ne 'yan Katolika, domin Sifaniyawa sun mulke su fiye da shekara 300 kafin Amurka ta karɓa a 1898. Musulmi kuwa kamar shida ne cikin ɗari, galibinsu a kudu, wajen Mindanao da Sulu, inda Musulunci ya riga Sifaniyawa zuwa.

In dai maganar doka ce, matan Filifin sun yi nisa. A 1937 aka ce ba za a ba mata damar zaɓe ba sai mata 300,000 sun fito sun ce suna so. Fiye da 447,000 suka fito. Mata biyu sun shugabanci ƙasar, Corazon Aquino daga 1986 zuwa 1992, da Gloria Arroyo daga 2001 zuwa 2010. Tsarin mulkinsu na 1987 ya ce mace da namiji daidai suke a gaban doka. A 2004 aka yi dokar hana cin zarafin mata da 'ya'yansu, a 2009 aka yi wata babba da suke kira Magna Carta ta mata, a 2019 kuma aka mai da hutun haihuwa kwana 105 da albashi. Ƙungiyoyin matansu ba barci suke yi ba. Mafi shahara a cikinsu, wadda aka kafa a 1984, sunanta GABRIELA, sunan wata mace da ta ja rundunar tawaye a kan Sifaniyawa har suka rataye ta a 1763.

Dokar nan ta 2004 ita ce ta fi cancantar mu tsaya a kanta. Ta ba shugaban unguwa, wanda suke kira shugaban barangay, ikon rubuta takardar da za ta hana miji taɓa matarsa ko yi mata barazana har kwana 15, tun kafin a je gaban alƙali. Kotu kuma tana iya fitar da shi daga gidan, ko da nasa ne. Sai wani magidanci da abin ya faɗa a kansa ya kai ƙara, ya ce wannan doka ta saɓa wa daidaito, tunda mata kaɗai take karewa ban da maza. Kun ji fa, da makamin daidaito ya zo yaƙar dokar kare mata. A 2013 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta kori ƙararsa. Hujjarta ita ce, ƙarfin miji da na mata a cikin gida ba ɗaya ba ne, kuma mata ne aka fi duka, saboda haka ware su da kariya bai zama son kai ba.

Ku lura da kyau. Alƙalan nan ba malaman fiƙihu ba ne, amma tilas ta kai su inda malamai suka daɗe da tsayawa, watau adalci shi ne a ba kowane mai hakki hakkinsa gwargwadon halinsa. Wanda ya raba hatsi mudu-mudu tsakanin mai 'ya'ya goma da gwauro ya daidaita, amma bai yi adalci ba. Saboda haka gardamar da muke ta yi a kan kalmar daidaito, rabinta ɓata lokaci ne. Akwai abubuwan da masu fafutukar 'yancin mata ke nema waɗanda Musulmi ba zai bi su a kai ba, wannan a fili yake. Amma idan suka ce kada a doki mace har a karya ta, kada a cinye mata sadaki, kada a bar ta da yara ba ci ba sha, to, wa ya riga wani faɗa? Gaskiya ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin wanda ba ka so.

To, sai dai duk da tarin dokokin nan, akwai ƙofa ɗaya da aka toshe. In ka ɗebe fadar Paparoma, Filifin ce kaɗai ƙasar da babu sakin aure ga yawancin mutanenta. Da akwai shi a zamanin Amurkawa, daga 1917, amma dokar da ta fara aiki a 1950 ta soke shi. Macen da mijinta ke jibga tana iya samun takardar kariya, tana iya samun izinin kotu su zauna dabam, amma igiyar auren tana nan a wuyanta, ba ta da halin ta auri wani har ɗayansu ya mutu. Hanya guda da ta rage ita ce ta shawo kan alƙali ya ce tun asali auren bai ɗauru ba, galibi da hujjar cewa ɗayansu yana da wata tawaya a ɗabi'arsa da ta hana shi ɗaukar nauyin aure. Wannan shari'a takan ci shekaru, takan ci dubban ɗaruruwan peso wajen lauya. Mai kuɗi ya biya ya fita. Matar mai kamun kifi fa? Sai ta haƙura, ko kuwa ta tafi ta zauna da wani ba aure, 'ya'yan da za ta haifa su tashi cikin rikicin takarda. In kuma mijin ya ga dama ya kai ta ƙara, domin a dokar laifuffukansu ta tun 1930, kwanciya ɗaya da wani namiji ta isa a ɗaure matar aure, amma shi miji sai an tabbatar ya ajiye farka a gidan aurensu, ko yana zaune da ita a wani wuri, ko ya yi abin a hanyar da ta zama abin fallasa. Ga daidaiton a tsarin mulki, ga kuma abin da ke ƙasa. A watan Mayu na 2024 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin halatta saki, amma majalisar dattawa ba ta zartar da shi ba har wa'adinta ya ƙare.

A nan ne Musulmi zai ɗaga kai, kuma yana da dalili. A watan Fabrairu na 1977 Shugaba Marcos ya sa hannu a kan dokar aure da gado ta Musulmin ƙasar, mai lamba 1083. A cikinta an rubuta saki, da khul'i, da ila'i, da zihari, da li'ani, da miƙa wa mace ikon sakin kanta, da raba aure ta hannun alƙali. An ce idan miji ya yi wata shida a jere bai ciyar ba, ko ya gallaza mata azaba, tana da ikon neman a raba. An ce mai son ƙara aure sai ya sanar da kotu, a sanar da uwargida, in ta ƙi a kafa masu sulhu. Watau abin da matan Katolika suke nema shekara da shekaru, 'yar'uwarsu ta Mindanao tana da shi a rubuce. Kai, har wasu maza suka riƙa shiga Musulunci don kawai su sami damar sabon aure, sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 2021 cewa wanda ya yi auren farko a ƙarƙashin dokar ƙasa, musuluntarsa ba ta wanke shi daga laifin aure a kan aure ba. Mu ma ba mu ga laifin hukuncin ba, domin addini ba tsani ba ne na tsallake katangar matar fari.

Amma kada mu yi saurin yin kabbara. Kotunan shari'a da dokar 1977 ta kafa duk a kudu aka ajiye su, kuma da yawa daga cikinsu sun yi shekaru babu alƙali a kan kujera. Musulmar da ke wani ƙaramin tsibiri da sai an shiga jirgin ruwa, ina za ta kai kukanta? Wadda ba ta yi karatu ba, ba ta ma san akwai wani abu wai shi khul'i ba, me dokar ta tsinana mata? Ita da 'yar Katolikar nan da ba ta da kuɗin lauya, a wuri ɗaya suke kwana. Akwai kuma dokar 2021 da ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, har da Musulmi, wadda wasu shugabannin Musulmin kudu suka nemi kada a sa mata hannu, wasu ƙungiyoyin matan Musulmi kuma suka goyi bayanta. Wannan magana ce mai tsawo, sai wani zama.

Ya ku 'yan'uwa, a zamanin Annabi (S.A.W.) hakki da hanyar samunsa tare suke tafiya. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta zo ta ce ba za ta iya zama da shi ba, ba ta kuwa zarge shi da wani mugun hali ba, aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su. Ba lauya, ba shekara biyar. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kawo kukan zihari, har sura guda a Alƙur'ani ta sami sunanta daga jayayyar da matar nan ta yi. Ƙofar a buɗe take, mai hukuncin yana kusa, kuma ba a ce mata ta je ta yi haƙuri ta daina tona asirin gida ba. Mu da muke alfahari da wannan, sai kowa ya tambayi kansa, a unguwarsu mace nawa ce aka jingine, ba aure ba saki, miji ya yi tafiyarsa, in ta doshi alƙali danginta su ce ta kunyata su?

Saura magana ɗaya, ita ce mafi ɗaci, domin a gidajen Musulmi ta faru. Talauci yana fitar da matan Filifin da yawa zuwa aikatau a ƙasashen waje, kuɗin da suke aikowa kuwa yana cikin abin da ke riƙe da ƙasar. Duk wanda ya je Saudiyya ko Dubai ya gan su, a asibiti, a kanti, a bayan uwargida suna riƙe da jaka da yaro. Dokokin nan da muka lissafa, duk a filin jirgin Manila suke tsayawa. A watan Maris na 1995 aka rataye wata 'yar aiki mai suna Flor Contemplacion a Singafo bisa laifin kisa, mutanen ƙasarta suka fusata don suna ganin gwamnatinsu ba ta tsaya mata ba, a shekarar kuwa aka yi dokar kare masu aiki a waje. Amma a 2018 sai ga gawar wata, Joanna Demafelis, a cikin firiza a wani gida da aka bari a Kuwaiti, ta fi shekara a ciki ba wanda ya sani. Addininmu ya ce a ciyar da mai hidima daga abin da ake ci, kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba, a biya shi ladansa da wuri. Wanda ya ƙwace fasfon 'yar aiki ya kulle ta, ya hana ta albashin wata shida, sa'an nan ya tafi sahun farko, da wace fuska? Kada kuma mu ce wannan halin Larabawa ne. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke a gidanka, wadda kuɗinta ke tafiya hannun dillaliya, ita ma tana cikin lissafin.

A cikin waɗannan mata akwai wata yarinya Musulma daga Magindanao, sunanta Sarah Balabagan. An ƙara mata shekaru a takarda aka kai ta aiki birnin Al Ain a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A watan Yuli na 1994, tana da shekara 15, ta daɓa wa maigidanta wuƙa har ya mutu, ta ce fyaɗe ya yi mata. Kotun farko ta ɗaure ta shekara bakwai. Aka sake shari'ar a 1995, aka yanke mata hukuncin kisa. Sai da duniya ta yi ca, shugaban ƙasar Shaihu Zayid ya sa baki, dangin mamacin suka karɓi diyya, sa'an nan aka mai da hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da bulala 100. Ta koma gida a 1996, mutane suka tarye ta a filin jirgi. Bayan wasu shekaru ta bar Musulunci ta shiga addinin Kirista.