Salsalar da Ta Ƙi Miƙewa

Shin kowace gaskiya tana zanuwa ba tare da sarƙewa ba? Salsalar gidanmu na Sae Sabuwa, a yankin Gidan Rumji, ita ta jefa ni cikin wannan tambaya. Na rubuta wa manhajar Graphviz wane ya haifi wane, ta jera kakanni sama, jikoki ƙasa. Da aka zo kan auren zumunci sai layuka suka hau juna. Baffana ya auri jikar yayan mahaifinsa: a wane sahu za ta zauna, na mijinta ko na 'ya'yansa?

Na sauya jerin sunaye, sarƙewar ta ragu, ba ta tafi ba. Laifin ba lallai na na'ura ba ne. Tun 1930 Kuratowski, masanin lissafi ɗan ƙasar Polan, ya fayyace zanukan da ba sa shimfiɗuwa, misali: gida uku, rijiya uku, kowane gida da hanyarsa zuwa kowace rijiya, dole wasu hanyoyi su gitta.

Wani abokina ya ce in goge layin auren don zanen ya yi kyau. Na ƙi, domin layin auren ba ado ba ne. A fiƙihu, mijin da yake ɗan baffan matarsa yana iya cin gadonta ta fuska biyu.